Yadda Ake Karanta Akwatin Gawa Mai Zane na Tsohuwar Masar

Duk wanda ya shiga gidan adana kayan tarihi a Alƙahira ko Luksor, ko a Landan, Turin da Boston, ko kuma ya buɗe hotunan da waɗannan gidaje suka ɗora a intanet, zai tarar da akwatunan gawa na mutanen Masar na zamanin dā jere reras, kowanne shafe da zane tun daga kai har tafin ƙafa. Yawancin masu kallo sukan tsaya a kan fuskar, su yaba kyan launi, su yi gaba. Alhali kuwa kowane zane da ke jikin akwatin yana da aikin da aka ɗora masa, yana da wurin da ya kamata ya zauna, kuma wanda ya san tsarin zai iya gane zamanin da aka yi akwatin, da matsayin mai shi, da abin da yake tsoro da wanda yake fata bayan mutuwa, ko da bai taɓa koyon harshen Masar na dā ba. Abin da ake bukata shi ne natsuwa da bin abubuwa daki-daki.

Kafin ka ɗora ido a kan katakon, ka riƙe abin da mutanen suka yi imani da shi game da ɗan Adam, domin shi ne tushen duk abin da za ka gani. A wurinsu mutum ya ƙunshi sassa da dama waɗanda mutuwa take rarrabawa. Akwai gangar jiki, akwai zuciya wadda suke ɗauka ita ce mazaunin hankali da tunani, akwai suna, akwai inuwa. Sannan akwai abin da suke kira ka, wato ƙarfin rai da ke bukatar ci da sha ko bayan mutuwa, da kuma ba, wanda suke zanawa a siffar tsuntsu mai kan mutum, suna cewa yana fita daga kabari da rana ya zaga duniya, da dare kuma dole ya dawo ya haɗu da gawar. Idan gawar ta lalace, ko tsuntsun ya kasa gane ta, ko sunan ya ɓace daga bakin mutane, to mutumin ya yi mutuwa ta biyu wadda babu tashi daga gare ta, kuma wannan ita ce babbar fargabarsu. Shi ya sa suke busar da gawa da wani gishiri mai kama da kanwa, su naɗe ta da ƙyallen lilin, aikin da yakan ɗauki kwana 70, sannan su sa ta cikin akwatin da zai zama gidanta, ya kuma zama jiki na biyu idan na farkon ya sami matsala. Ɗaya daga cikin sunayen da suke kiran akwatin da shi yana nufin ma'abocin rai.

Fara da siffa

Ka ja da baya kaɗan ka dubi akwatin gaba ɗayansa, domin siffarsa ce za ta fara gaya maka zamani. Idan dogo ne mai kusurwa huɗu, murfinsa shimfiɗaɗɗe, da layukan rubutu a gefe da gefe, mai yiwuwa daga ƙarshen Tsohuwar Daula ya fito, wato ta farko cikin manyan dauloli uku da masana suka kasa tarihin Masar na dā, ko daga Daula ta Tsakiya, wadda ta yi zamani daga wajen 2055 zuwa 1650 kafin Miladiyya. Idan kuwa yana da siffar mutum a naɗe, da fuska da hular gashi, to ka matso gaba a tarihi. Wanda aka lulluɓe da zanen fukafukai tun daga kafaɗa har ƙafa ana kiransa rishi, kuma ya yi tashe a birnin Tibis, inda Luksor take a yau, a zamanin gidan sarauta na 17 a jerin zuriyoyin da suka mulki Masar, daf da kafuwar Sabuwar Daula a wajen 1550 kafin Miladiyya. Daga nan sai aka shiga yayin farin akwati mai ɗamarun rubutu da ke kwaikwayon ɗaurin gawa, sai baƙi mai ɗamaru ruwan ɗorawa ko na zinariya, sai kuma akwati ruwan ɗorawa mai sheƙi, wanda ya kai ƙololuwarsa a gidan sarauta na 21, tsakanin 1069 da 945 kafin Miladiyya.

A gidan sarauta na 22 za ka riƙa ganin wani kwanso mai kama jiki wanda aka yi da ƙyallen lilin da aka manna rufi-rufi aka shafe da farar ƙasa, aka zura gawar ta baya aka ɗinke da igiya. A na 25 da na 26 kuma akwai akwatin waje mai murfi kamar baka da ginshiƙai huɗu a kusurwoyi, wanda yake kwaikwayon hubbaren Osiris, sarkin matattu a addininsu. Ka tuna cewa mai hali yakan sami akwati biyu ko uku, ɗaya cikin ɗaya. Sarki Tutankamun, wanda Bature mai binciken kayan tarihi Howard Carter ya gano kabarinsa a 1922, yana da uku, na can ciki na zinariya zalla mai nauyin kilo 110 da ɗoriya. Saboda haka ka duba takardar bayanin da ke gefe ka ga ko na ciki ne ake nuna maka ko na waje, domin abin da ake zanawa a kansu ba ɗaya ba ne.

Nemo idanu biyu

A kan akwati mai kusurwa huɗu, ka zagaya har ka sami gefen da aka zana manyan idanu biyu kusa da ƙarshe ɗaya. Nan ne kan mamacin yake. Sukan kwantar da gawar a kan gefen hagu, kai wajen arewa, fuska tana kallon gabas, ta yadda idanun gawar za su yi daidai da waɗanda aka zana a waje, mamacin ya riƙa ganin fitowar rana da masu kawo masa abinci. Sau da yawa a ƙarƙashin idanun akwai zanen ƙofa, wadda ta nan ruhun zai riƙa fita da shiga. Da zarar ka gano wannan gefe, ka gano gabas da yamma na akwatin, ko da kuwa gidan tarihin ya ajiye shi yana fuskantar wani waje daban. Akwatin ƙaramar duniya ce a ganinsu: murfin shi ne sama, ƙasan shi ne ƙasar matattu, gefunan huɗu kuma su ne kusurwoyin duniya.

Idan an buɗe cikinsa, kada ka yi gaggawar wucewa. A bangon ciki na akwatunan Daula ta Tsakiya akan zana jerin kaya: matashin kai da tulunan mai a wajen kai, takalma a wajen ƙafa, madubi, sanduna, baka da kibau, tufafi, da tebur shaƙe da abinci. Imaninsu shi ne hoton abu yana iya zama abin kansa ga mamaci, saboda haka kowane kaya an zana shi kusa da gaɓar da za ta yi amfani da shi. Ƙasa da wannan jeri akwai ƙananan layukan rubutu a tsaye, su ne addu'o'in da masana suke kira Nassoshin Akwati, waɗanda aka tattara fiye da 1,100. Asalin da yawa daga cikinsu yana komawa ga rubutun da aka fara sassaƙawa a cikin dalar sarki Unas a Sakkara wajen 2350 kafin Miladiyya, lokacin da sarki kaɗai ke da su, kafin daga baya manyan ma'aikata da hakimai su same su. A akwatunan da aka haƙo a Deir el-Bersha har taswirar lahira ake zanawa a ƙasan akwatin, hanya biyu, ɗaya ta ruwa ɗaya ta tudu, da tafkin wuta a tsakaninsu. Akwatin hakimi Jehutinakt da aka gano a can a 1915, wanda yanzu yake Boston, yana cikin mafi kyawun zanen da ya saura daga wancan zamani.

Suna shi ne abin da ya fi cancantar wahalarka

A ganina babu matakin da ya kai wannan muhimmanci, domin shi ne yake mayar da katako ya zama na wani mutum takamaimai. Da farko ka gano inda rubutun ya fara. Ka dubi tsuntsaye da dabbobi da mutanen da ke cikin haruffan: inda suka fuskanta, daga can ake farawa. Idan suna kallon dama, ka karanta daga dama zuwa hagu, idan suna kallon hagu ka juya, kuma kullum daga sama zuwa ƙasa.

A farkon layi sau da yawa za ka ga alamomi uku tare: wani tsiro mai ganye a gefe biyu, da tabarma mai ɗauke da gurasa, da wani abu mai kusurwa uku dogo. Wannan ita ce mabuɗin addu'ar sadaka da aka yi ta maimaitawa sama da shekara dubu biyu, ma'anarta kuwa ita ce sadakar da sarki yake bayarwa. Bayanta sai sunan abin bautar da ake roƙo, ko dai Osiris ko Anubis wanda ake zanawa a siffar dila a kwance, sai jerin abin da ake nema wa mamacin: gurasa da giya, shanu da tsuntsaye, farin dutse da lilin, da kowane abu mai kyau mai tsarki, sau da yawa dubu-dubu na kowanne. Ka bi layin har kusan ƙarshensa, can ne muƙaman mamacin suke, sannan sunansa, wanda akan rufe da hoton mutum a zaune, namiji ko mace. Idan sunan yana cikin wani zobe mai tsawo da aka ɗaure a gindi, to na gidan sarauta ne. Sau da yawa akan sa sunan Osiris a gaban sunan mamacin, domin ana fatan ya bi sawun wanda aka kashe ya kuma tashi, a bayan sunan kuma akan ƙara kalmomi biyu da ke nufin mai gaskiyar murya, wato wanda ya ci shari'ar lahira.

Muƙaman suna da daɗin bibiya. Za ka riƙa cin karo da magatakarda, da mai kula da rumbunan hatsi, da limamin Amun, babban abin bautar Tibis, a wajen mata kuma da uwargida da mawaƙiyar Amun. Wani lokaci za ka ga wurin sunan a buɗe babu komai, ko an cusa shi da wani hannu daban cikin ɗan wurin da bai ishe shi ba. Wannan alama ce cewa an yi akwatin ne tun kafin a san mai saye.

Masu gadin gawa

Yanzu ka koma ga siffofin da ke kewaye. A wajen kai akan sa Neftis, a wajen ƙafa kuma Isis, 'yan'uwa mata biyu da suka yi makokin Osiris suka tattara gaɓoɓinsa. Za ka bambanta su da abin da ke kansu: Isis tana ɗauke da kujerar sarauta, Neftis kuma da siffar gida mai kwando a bisa. A kan ƙirji akwai mace mai buɗaɗɗun fukafukai, ita ce Nut, wadda suke ɗauka ita ce sararin sama, tana haɗiye rana da yamma ta haife ta da asuba. A akwatunan zamunnan ƙarshe na tsohuwar Masar akan zana ta miƙe tsawon cikin murfin, ta yadda idan aka rufe za ta kasance fuska da fuska da mamacin, shi kuma ya zama kamar ɗan da ke jiran haihuwa a cikinta. A gefuna akwai 'ya'yan Horus, ɗan Osiris da Isis, su huɗu, masu tsaron kayan cikin da aka cire daga gawar: Imseti mai kan mutum yana tsaron hanta, Hapi mai kan gwaggon biri yana tsaron huhu, Duwamutef mai kan dila yana tsaron tumbi, Kebehsenuf mai kan shaho yana tsaron hanji. Buzuzu mai fukafukai da ke tura ƙwallon rana yana nufin fitowar rana da sabuwar rayuwa, ginshiƙi mai layuka huɗu a sama kuma, wanda akan zana a ƙasan akwati daidai bayan gawar, shi ne ƙashin bayan Osiris, alamar tabbata.

Awon zuciya

Idan akwatin na ƙarshen Sabuwar Daula ne ko bayanta, ka nemi ma'auni mai faranti biyu. Wannan hoto ya fito daga babi na 125 na tarin addu'o'in da Bajamushe Richard Lepsius ya raɗa wa suna Littafin Matattu a 1842, wanda su masu shi suke kira fita da rana. A faranti ɗaya akwai zuciyar mamacin, an zana ta kamar ɗan tulu, a ɗayan kuma gashin jimina, alamar Ma'at, wato gaskiya da adalci da daidaiton duniya. Anubis yana durƙushe yana duba ma'aunin, Tot, magatakardan alloli, mai kan tsuntsu mai dogon baki, yana rubuta sakamako, Osiris yana zaune a kan karaga. A gefe akwai wata dabba mai kan kada, da gaban zaki, da bayan dorina, tana jiran ta haɗiye zuciyar da ta gaza. Kafin awon, mamacin yakan tsaya gaban alƙalai 42 ya kore laifuffuka daga kansa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa bai yi kisa ba, bai yi sata ba, bai tauye mudu ba, bai hana ruwa gudu a lokacinsa ba.

Ka lura da wani abu a nan: ma'aunin a kullum daidai yake tsaye, ba za ka ga an zana mamacin ya faɗi ba. Tunda sun yarda cewa abin da aka zana yana iya tabbata, babu mai biyan kuɗi a zana masa halaka. Don haka ka karanta hoton a matsayin roƙo da tanadi. Har buzuzun dutse suke ɗorawa a kan ƙirjin gawa, an rubuta masa addu'ar da ke roƙon zuciya kada ta tashi ta ba da shaida a kan mai ita. Wanda ya tsallake shari'ar yana fatan isa Filin Iwa, ƙasa mai magudanan ruwa da gonaki kamar bakin Nilu, inda hatsi ke tsawo fiye da na duniya. Ganin cewa aljannarsu gona ce irin wadda suka bari yana nuna yadda suke ƙaunar ƙasarsu da rayuwar da suka sani.

Launi, katako da hannun ma'aikaci

Launi ma yana magana. Fuskar namiji akan yi ta ja-ja, ta mace ruwan ɗorawa, amma fuska kore tana danganta mamacin da Osiris da tsirowar shuka, baƙi yana tuna baƙar ƙasar da ambaliyar Nilu ke bari, wadda ita ce arzikin noma, zinariya kuma ita ce naman alloli a imaninsu, shi ya sa wanda bai iya sayenta ba yake amfani da launi ruwan ɗorawa a madadinta. Shuɗin da za ka gani haɗa shi suke yi, da yashi da farar ƙasa da tagulla da gishirin nan, a gasa da wuta mai tsanani, kuma yana cikin launuka na farko da ɗan Adam ya ƙirƙira da hannunsa. Idan wani wuri da ya kamata ya zama shuɗi ya koma kore-kore, sau da yawa ƙaron da aka shafa a kai ne ya tsufa ya canza shi.

Ka nemi inda fenti ya ɓare ka leƙa katakon. Masar ba ta da manyan itatuwa masu miƙaƙƙen jiki da yawa, saboda haka akwatin mai matsakaicin hali akan haɗa shi da guntayen ɓaure ko bagaruwa, a kama su da ƙusoshin itace, a cike giɓi da laka, a shafe da farar ƙasa don kada a ga haɗin. Dogayen allunan itacen al'ul da ake kawowa ta ruwa daga Labanan na masu dukiya ne. A akwatunan gidan sarauta na 21, hannun namiji akan sassaƙa shi a dunƙule, na mace a buɗe, namiji da gemu, mace da 'yan kunne.

Wannan bambanci zai taimake ka ka kama wani abu da ya yawaita a wancan zamani, wato sake amfani da tsohon akwati. Lokaci ne na ƙuncin tattalin arziki da fasa kaburbura, har manyan Tibis suka daina gina kabari mai zane, suka koma binne mutane da yawa a ɓoyayyen rami ɗaya mara ado. Duk abin da a dā ake zanawa a bangon kabari sai aka tattaro shi a kan akwati, wannan ne dalilin da ya sa akwatunan ruwan ɗorawa suke cunkushe da hotuna babu wurin sa yatsa. Ramin Bab el-Gasus da aka gano a Deir el-Bahri, kusa da Luksor, a 1891 yana ɗauke da gawarwakin limaman Amun da iyalansu 153, kuma an rarraba da yawa daga akwatunansu ga gidajen tarihi na ƙasashe daban-daban. A kan irin waɗannan ka duba ko akwai ramin gemu a haɓar fuskar mace da aka toshe, ko hannu da bai dace da jinsin mai sunan ba, ko suna da aka kankare aka rubuta wani a kai. Ba kowane gyara ne alamar sabon mai shi ba. A gidan tarihi na Fitzwilliam da ke Kambirij akwai akwatunan wani ma'aikacin haikalin Amun mai suna Nespawershefit, na wajen shekara 1000 kafin Miladiyya, inda aka goge tsofaffin muƙamansa aka rubuta sababbi, abin da ke nuna cewa ya tanadi akwatin tun yana raye, sannan ya sami ƙarin girma. A jikin murfin ɗaya daga cikinsu har sawun yatsun wani ma'aikaci ya saura, wanda ya ɗaga shi tun ƙaron bai bushe ba.

Idan a ƙarshen zagayenka ka ci karo da gawa a naɗe mai hoton fuska kamar na mutum mai rai, an zana shi a kan siririn allo da launi da aka kwaɓa da kakin zuma, to ka iso zamanin da Rumawa suke mulkin Masar, bayan shekara ta 30 kafin Miladiyya. Flinders Petrie ya haƙo da yawa irinsu a Hawara, a yankin Fayum, a 1888 da 1911. Gashin da tufafin da salon zanen na Girkawa da Rumawa ne, amma ka sauke idonka ƙasa da fuskar, domin a kan wasu daga cikinsu za ka sake samun Anubis yana sunkuye a kan gadon gawa, da Isis da Neftis a gefe da gefe. Kafin ka bar wurin ka rubuta lambar da gidan tarihin ya ba kayan, wadda take a kan takardar bayani, domin da ita za ka nemo hotunan cikin akwatin da ƙasansa a shafinsu na intanet, wuraren da gilashi da yadda aka kwantar da shi ba sa barin mai ziyara ya gani.